Irin Furen da Na Binne

Ni manomi ne, ɗan manomi, a Kangire ta ƙasar Birnin Kudu. Gero da dawa na sani, kuma lokacin da nake da ƙarfina ban ga wanda ya isa ya koya mini shuka ba. Wannan girman kan ne ya ci ni. Shi ya sa na zauna nake rubuta abin da ya faru, ko da yake hannuna na wanda ya bar allo da wuri ne.

Matata 'yar Dingaya ce, can ƙasar Gwaram. Cikin kayan da ta zo da su har da wani ɗan tandu, na zaci kwalli ne. Ashe irin fure ne, wai kakanta ya taho da shi daga gabas, a dawowarsa daga Makka da ƙafa. Irin kamar yashi mai laushi yake, in ka yi atishawa kusa da shi sai ka nemi rabi ka rasa.

A bayan ɗakinta take shuka shi, daidai inda take alwala. Bai fi kamu biyu tsawo ba, furanni a jere jikin kara, kowanne da ɗan bakinsa a buɗe. Abin da ya ba ni mamaki, da bazara yake fure, lokacin da ƙasa ke ƙona ƙafa, kaji na haki a gindin rumbu, duk wani ganye ya sunkuyar da kai. Shi ko a jikinsa. Ruwan alwalarta kaɗai ya ishe shi.

Na sha tsokanarta a kansa. In ce, "Wai wannan miyar taki yaushe za a kaɗa mana ita?"

Ta ce, "Malam, ai ba komai ake ci ba."

In ce, "Akuya ma ta shinshina ta wuce."

Sai ta yi dariya ta ci gaba da tankaɗenta. Shekara goma sha tara muna tare, kowace shekara tana tara irin ta sake shukawa, ban taɓa tsayawa na ga yadda take yi ba. Bayan ɗakin mace ba wurin tsayuwar magidanci ba ne, haka na taso na gani.

'Ya'ya uku Allah Ya ba mu, duk Ya karɓi abinSa tun suna goye. Ita kuma zazzaɓi ya ɗauke ta bayan kaka, kwana shida ta yi a kwance. Danginta suka raba 'yan kayanta. Ni kuwa hankalina ba ya jikina, ban tuna da bayan ɗakinta ba sai da zafi ya shigo. Na leƙa na tarar da busassun karare. A nan na tsaya na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Daga baya na ga tandun a soke jikin jinka, babu wanda ya kula da shi. Duk duniya abin da ya rage mini nata ke nan.

To, sai na yi abin da na iya. Na ɗauko sungumi na sara ramuka, na zuba rabin irin, na rufe na danne da dunduniya, yadda muke binnen gero kafin ruwa ya sauka. A ganina abu mai daraja ba a barinsa a fili, ga kaji, ga tururuwa, ga iska. Na koma yin alwala a wurin, sau biyar a rana. Kwana ashirin, ko tsinke bai fito ba.

Mai hankali da sai ya tsaya ya yi tambaya. Ni kuwa na ce tururuwa ce ta kwashe, don ramin bai yi zurfi ba. Na sake sara, wannan karon har hannuna na shigewa, na juye sauran, na kaɗe tandun tas. Damina ta zo ta wuce. Gerona ya yi kyau a shekarar, har haushinsa na riƙa ji.

Bayan girbi na ce bari in je Dingaya wurin mahaifiyarta in roƙo wani irin. Hanya ba lafiya a shekarun nan, mahara na saukowa daga duwatsun kudu, don haka na bi ayarin fatake da jakunansu, kwana biyu. Na tarar rabin garin toka ne, mahara sun ƙone shi. Gidan surukaina babu shi. Aka kai ni wurin tsohuwar a wata bukka a gidan ƙanenta, idanunta sun tafi.

Na cire takalmi na tsuguna daga nesa. Tunda na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da ita ba, balle doguwar magana. Muka gaisa, muka yi wa mamaciya addu'a. Ina ta juya yadda zan fara, sai ta riga ni.

"Malam, furen nan nata yana nan ko? Namu wuta ta cinye, har irin. Kullum ina cewa in ka zo za ka taho mini da ko ɗan kaɗan ne. Ko ban gani ba na shafa."

Ta miƙo tafin hannunta.

Na ce, "Inna, na shuka bai fito ba."

"Yaya ka shuka shi?"

Na faɗa mata, har da sungumin, har da dunduniyar. Hannun nata na nan a miƙe.

"Binne shi ka yi? Wayyo Malam. Ai wannan ba a rufe shi. Barbaɗawa ake yi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, a yayyafa ruwa da yatsu, a bar shi yana ganin rana. Ita ba ta gaya maka ba?"

"Ban tambaya ba, Inna."

"Duka ka zuba?"

"Duka."

Ta janye hannunta ta sa cikin zane. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta sa aka kawo mini fura, na kasa sha.

Na zaga Gwaram gida-gida ina kwatanta furen. Wasu suka ce sun taɓa ganinsa, wasu suka ɗauka taɓuwa ce ta same ni, gardi guda da furfura yana cigiyar fure. Babu mai shi. Tsohuwar ba ta ga wata damina ba.

Da na dawo na tone ramukan da hannu, na baje ƙasar a fili, ko Allah zai sa wata ƙwaya ta ga rana. Kowace bazara haka nake yi, yau shekara goma sha ɗaya. Duk abin da ya tsiro a wurin ba na cire shi, ina ba shi ruwa har ya girma ya nuna kansa. Bara ƙarangiya na yi wata biyu ina shayarwa.