Tanar Baba a firjina

Na buɗe firji zan ɗauko daddawa, sai ga robar bota cike da ƙasa, tana na motsi a ciki.

Aikin Baba ne. Tun da Mama ta rasu muka ɗauko shi daga Yawuri zuwa Greensboro, nan ƙasar Turawa, kullum yana bakin taga, maganarsa ɗaya: yaushe zai koma gida. Da ya ji za mu kai shi teku ran Asabar, sai ya haƙe mini gindin tumatir kaf yana neman tana.

Muka sha tafiya muka isa. Ya soka tanarsa a ƙugiya ya jefa, ya jawo ta ta yi fari fat, ashe ruwan gishiri kashe ta yake. Wani tsohon Bature mai fatsa kusa da mu ya yafito shi, ya durƙusa ya nuna masa yadda ake tono tsutsar teku a jiƙaƙƙen yashi. Ba mai jin yaren wani, amma har la'asar suna tare. Baba ya kama 'yan fararen kifin nan da suke kira waitin, yana ta dariya.

A mota na ce, "Baba, mai kama giwan ruwa ne yake murna da waɗannan?"

Ya ce, "Ke dai Hadiza, ashe akwai ruwan da ban sani ba. Asabar mai zuwa kina aiki?"

Tun ranar ban sake jin zancen komawa gida ba, tumatirina dai sun tafi. Masu tsofaffi a ƙasar nan, me ya fara sa naku dariya?