Shuwakar Bokitin Fenti

Duk shekara idan na sauko da barguna na ji warin ajiyarsu, shuwakar Umma nake tunawa. Wanda bai zauna a Riyad ba yana zaton zafi kaɗai muka sani. Ka zo a watan Janairu ka taɓa ruwan famfo da safe, sannan mu yi magana.

A unguwar Shumaisi na tashi, a hawa na uku. Umma nas ce. Shuwakarta tana kan rufin gida cikin bokitin fenti mai hudajjen gindi, domin mai iƙama, wato takardar izinin zaman baƙo, ba ya shuka a ƙasa. Ranar da kafili, ubangidan da ya tsaya maka, ya ce aiki ya ƙare, abin da hannu zai iya ɗauka shi ne naka. Daga bayan ɗakin Kaka, mahaifiyarta, can ƙasarmu, ta karyo reshen da ta dasa. Duk wadda ta haihu cikin mutanenmu, gidanmu ake aikowa neman ganyen miyar jego. Ganye kam Umma tana bayarwa, amma reshe, ko na sakace ba ta yarda a karya ba.

Ina shekara goma Kaka ta zo Umra, ta yi mana sanyin shekarar. Larabci ya fi zama a bakina, ita kuwa ban da na salla ba ta da ko ɗaya, don haka hirarmu ta koma ta hannu, a kan rufi. Wata safiya ta tarar na lulluɓe ganyen da mayafina.

"Balarabiya, ba kai ake rufe mata ba," in ji ta tana dariya. "Ta gona ƙasa ke rufa mata asiri. Ta tukunya kuwa, ta gindi sanyi ke kashe ta."

Ta naɗe bokitin da tsohon bargo, ta ja shi jikin bangon da hantsi ke dukansa, ta ce a rage ruwa, mai barci ba ya jin ƙishi.

A kwanakin ne matar wani ɗalibi ɗan Nijar ta zo daga unguwar Nasim karɓar ganye. Umma tana asibiti wajen aiki. Kaka ta karya reshe mai kauri ta miƙa mata. Da Umma ta dawo ta ga gurbin, ba ta iya yi wa uwa faɗa ba, sai tukwane suka sha a madafa.

Bayan shekara biyu Kaka ta rasu, cikin tsakiyar sanyi. Umma ta tafi gida, ta bar mini bokitin. Bargon na tuna da shi. Ruwan ne na manta. Kullum na dawo makaranta sai na tuttula mata buta guda, ina ganin hakan ne kula. Da Umma ta dawo ta kankare bawon da farce, ba kore ko kaɗan. Ta ja, itacen ya biyo hannunta, saiwar ta ruɓe. Ba ta dake ni ba. Na so a ce dukan ta yi.

Ranar Juma'a matar nan ta Nasim ta zo gaisuwa, ɗauke da gwangwanin madara, da tsiro a ciki mai ganye huɗu.

"Yaya, na ce ko za ki so," ta ce. "Daga reshen da marigayiya Hajiya ta ba ni ne. Tawa har ta fi ni tsawo."

Kukan da Umma ba ta yi a gabanmu ba tun rasuwar, a kan gwangwanin nan ta yi shi.

Yanzu Umma ta yi ritaya ta koma gida. Gidan Kaka an sayar, an zuba siminti har bayan ɗakin. Ni ina nan Riyad da tawa iƙamar, tsiron gwangwanin nan ya girma a hannuna, 'ya'yana suna ce wa miyar shuwaka magani. Da zan je gida hutu bara, Umma ta bugo waya. Ba turare ta nema ba, ba dabino ba. Cewa ta yi in karyo mata reshe, in kuma karya biyu, saboda maƙwabciyarta.