Suturar Kawu Mahamane

Kawu Mahamane ƙanen mahaifiyata ne, mutumin Damagaram. Tun ina firamare yake tuƙa tasi a Gaithersburg, can ƙasar Turawa inda muke zaune. Darduma da butar roba ba sa rabuwa da but ɗin motarsa. Duk inda salla ta riske shi, bayan gidan mai ko gefen kanti, nan zai faka ya shimfiɗa.

A 2017 na gama jami'a a College Park. Shekarar ce wani mutum ya fizge mini mayafi a cikin jirgin ƙasa, yana ihu in koma inda na fito. Har yau in na ji taku a bayana sai na waiga.

Alexander, wanda muka yi aji ɗaya, yana da ƙungiyar kiɗan rok, jita da ganguna masu cika kunne. Sun yi waƙa a kan yadda 'yan siyasa ke tsorata mutane da maƙwabtansu baƙi, suna so bidiyon waƙar ya ƙare da direba yana salla kusa da motarsa. A gidanmu ya taɓa ganin Kawu, ya roƙe shi, shi kuwa ya amsa tun ban sani ba.

Hankalina ya tashi. Mutumin da yake ɗaukar wanda bai sani ba a bayansa kullum, a ce fuskarsa ta shiga intanet? Na roƙi Kawu ya janye.

Ya ce, "Ɗiyata, na riga na ce to."

Sai na nemo dabara. Na gaya wa Martina, mai riƙe da kyamara, cewa ba a gittawa a gaban mai salla, don haka ta baya kawai za ta ɗauka. Ta yarda nan take.

Ranar ɗauka, Alexander ya ce a gwada tukuna. Kawu ya dubi rana ya girgiza kai, ya juyo gare ni.

"Gaya masa ba a sallar wasa. La'asar ba ta yi ba. In ta yi, sau ɗaya zan yi. Wanda bai shirya ba ya dawo gobe."

Haka masu kiɗa suka zauna a kan dakali, gashi buzu-buzu, suna jiran la'asar. Kawu ya ba su goro. Mai ganga ya tauna, fuskarsa ta yamutse.

Kawu ya ce, "Haɗiye, yaro. Kiɗanku ya fi shi ɗaci, na kuwa jure."

Da lokaci ya yi, Kawu ya hango Martina a bayansa. Ya tambaye ni dalili, na faɗa masa da murya ƙasa-ƙasa. Sannan ya ɗauko akwatin jitar Alexander ya ajiye a gaban dardumar.

"Ga sutura. Bayan wannan kowa na iya wucewa, kin sani, Aliyya. Ta zo gaba. In ƙeya za su nuna, ai ba su nuna mutum ba."

Na tsaya gefe. Ya tayar da kabbara. Motoci na wucewa, ba wanda ya yi tari a cikinmu har ya sallame.

Bidiyon ya fita, da fuskarsa a fili. Na karanta abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashi, har da zagin, na riƙa kiransa a waya ina tambayar inda yake.

Wata Laraba ya kira ni da kansa. Ya ce wata tsohuwa da ya ɗauko daga Annandale ta gane shi.

"Me ta ce, Kawu?"

"Ta dubi agogo ta ce, ko lokacin sallata ya yi? In tsaya, za ta jira."

"Ka tsaya?"

"Da saura, ɗiyata. Na ce mata ba a yi sai lokaci ya yi. Kin ci abinci?"