Asabar Ɗin da Muka Tsaya a Mahuta

A littattafan da na taso ina karantawa, irin waɗanda ake haya a bakin kasuwa har su yi laushi kamar tsumma, babu mijin kirki da ba ya fitar da matarsa shan iska. Wani ya kai ta Kaduna, wani ƙasar waje, su zauna a bakin ruwa yana gaya mata maganganun da ke sa mutum ya rufe littafi ya rungume shi. Na yarda da waɗannan abubuwa a lokacin, kuma har gobe ban daina ba. Shi ya sa tun da na tare a Zuru nake yi wa maigidana naci, har wata rana ya gaji ya ce to, in bazara ta kama zai ari motar yayansa mu tafi Yawuri ranar Asabar, mu ga kogi, mu ci kifi, mu dawo Lahadi.

Maigidana malamin firamare ne, Badakkare, ko da yake su Lelna suke ce wa kansu. A gidansu akwai mai zuwa masallaci akwai mai zuwa coci, kuma tukunya ɗaya ake ɗorawa. Ni kuwa Bahaushiya ce daga Mahuta, kuma a nan matsalar take. Babana ya ba da aurena da baki, amma zuciyarsa ba ta bi ba. Duk sanda Malam ya je gaishe shi ya durƙusa har ƙasa, sai Baba ya ce "Lahiya," ya mayar da kunne ga rediyonsa. Bai taɓa tambayar mutanen gidansu ba. Malam ba ya magana a kai, amma nakan ga yadda yake kakkaɓe gwiwar wandonsa a hankali idan mun fito. Babu abin da nake so a duniya kamar in ga mutanen nan biyu sun zauna inuwa ɗaya.

A shekarar nan Baba ya faɗi a kan babur ya karye a ƙafa. An yi ɗori, ya kama, amma tafiya sai da sanda. Ƙannena maza duk suna makaranta nesa. Inna ta gaya mini a waya cewa kowa ya gama sharar gona yana jiran ruwan farko, tamu ce kawai take tsaye da karan bara da ƙaya, kuma Baba ya hana a yi masa zancen. Na faɗa wa Malam haka nan cikin hira, na koma lissafin kayan da zan sa a bakin kogi.

Ranar Juma'a da yamma na shiga shagon wata Inyamura a layinmu, wadda kowa ke kira Madam. Na ɗebi lemon kwalba da biskit da burodi.

"Amarya, wannan kaya haka, suna za a yi?" in ji ta.

Na ce, "Yawuri za mu, Madam. Bakin ruwa."

Ta tafa hannu. "Kin ji masu sa'a! Ni nan na haifi yarana duka, amma maigidana ko Dabai da ke nan kusa bai taɓa kai ni ba sai in kaya za a ɗauko. Ki kawo mini kifi fa, kada ki kawo mini labari."

Da sassafe muka kama hanya. Na sa leshina mai ruwan hoda da takalmi mai tsini, na ɗauko sabuwar tabarma da ban taɓa shimfiɗawa ba. Duk wanda bai ga ƙasarmu da bazara ba zai ce zafi ne kawai. Amma duwatsun Zuru da safe sukan yi wani shuɗi-shuɗi, itatuwa sun fara tofo, sabon ganye ja kamar an shafa masa lalle, mangwaro ya nuna har ƙamshinsa na shigowa ta taga. Can gabas hadari na haɗuwa yana watsewa, yana yi wa manoma kwalele. Na jingina da kujera ina jin kaina kamar wadda aka rubuta a littafi. Abu ɗaya ne ya dame ni, wata ƙarar ƙarfe da ke tashi a bayan motar duk sanda muka faɗa rami.

"Malam, me ke kuka a but?"

"Kayan mota ne," ya ce, bai dube ni ba.

Hanyar da za mu bi ta ratsa Mahuta, kuma na ɗauka za mu tsaya mu gaisa a tsaitsaye mu wuce. Amma kafin mu shiga gari sai ya karya kan motar ya sauka wata 'yar hanyar amalanke. Na san hanyar nan kamar tafin hannuna, a kanta na sha kai wa Baba abinci. Da muka ɓullo gonar sai na ga babura jingine a gindin ɗorawa, ga maza tsaye, wasu na sani a unguwarmu ta Zuru, wasu ban taɓa gani ba. A gabansu akwai ƙanin mahaifin Malam, tsohon soja, wanda ake kira Saja.

Malam ya kashe mota. Ya ce, "Ki yi haƙuri. Kogi yana nan, ba zai ƙafe ba. Ruwan sama kuwa ba ya jiran kowa."

Ya buɗe but, sai ga adduna da gatura da manjagara.

Ba zan ɓoye ba, na yi fushi. Na ƙi fitowa. Na zauna a mota da leshina ina kallon gefe guda. Saja ya leƙo ta taga yana dariya.

"Surukarmu, ina kwana? Ba ki san golmo ba ko?"

Na ce na taɓa ji dai.

"A wurinmu, yaro ba ya ɗaukar 'yar mutane sai shi da abokansa sun yi wa ubanta noma, shekara da shekaru. Ni sai da bayana ya kusa karyewa kafin a ba ni tawa, kuma ki ga abin da aka ba ni, har yau faɗa take mini. Wannan ɗan namu kuwa ya ɗauko ki da alli da allo. Kakarsa kullum sai ta yi masa gori. Yau za mu wanke masa fuska."

Suka jera sahu ɗaya tun daga bakin iyaka. Wani ya ɗaga murya da waƙa cikin harshensu, sauran suka amsa, adduna suka sauka tare. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma tsigar jikina ta tashi. Malam na tsakiya, ya tuɓe riga sai singileti. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ni na san shi da jan biro da magana a hankali, sai ga shi yana saran ƙaya yana juyi, gumi na bin wuyansa, abokansa na yi masa tsiya wai hannun malami ne, kafin azahar zai yi kuka. Ban san sanda na buɗe ƙofar motar ba.

Kuskure ɗaya suka yi. Malam ya san in ya nemi izini Baba zai ƙi, shi ya sa bai nema ba. Da suka tara kara suka cinna wuta, hayaƙi ya tashi har cikin gari, aka je aka gaya wa Baba cewa ga wasu baƙi can sun cika gonarsa da makamai. Ba a jima ba sai ga shi a bayan babur ɗin maƙwabcinmu, sanda a hannu, hula a karkace. Waƙa ta tsaya.

"Wa ya ba ku izini? Su wane ne ku? Don an ga na kwanta shi ne za a ci gonata ina da rai?"

Malam ya ajiye adda ya zo ya durƙusa cikin toka. "Baba, ni ne. Barka da hantsi. Ya ƙafar?"

Baba ya dube shi. "Kai ne? Mi ya kawo ka?"

"Baba, a al'adarmu ba a ɗaukar 'yar mutum sai an yi masa noma. Ni na ɗauka ban yi ba. Shi ne na roƙi 'yan uwana."

"Ni ban sai da ɗiyata da noma ba. Kuma ban yi bara ba. Ku kwashe kayanku."

Babu wanda ya motsa. Na ga kunnuwan Malam sun yi ja, ga shi a durƙushe a gaban abokansa. In suka hau babura suka tafi a haka, na san shi ke nan, ba zai sake iya taka Mahuta da sakin fuska ba. A gidanmu ba a taɓa mayar wa Baba magana ba. Amma na ga ƙafarsa mai ciwo tana rawa. Sai na cire takalmin tsinin nan, na ɗauko sabuwar tabarmata a mota, na shimfiɗa a gindin ɗorawa.

"Baba, ka zauna tukuna. Ko korar ce, a zaune ma ana yi."

Ya harare ni daga sama har ƙasa. "Ke kuma biki kika zo?" Amma ciwo ya fi ƙarfin fushi, ya zauna. Daga inda yake kuwa yana ganin gonar duka, sai idonsa ya kai kan wutar da aka bari tana ci, iska na tura ta wajen wata 'yar kaɗanya da ya yi shekaru yana reno.

"Kai! Kai mai jar hula! Za ka ƙone min icce! Haka ake wuta a garinku, a bayan iska?"

Saja, wanda shi ne mai jar hular, ya ƙame ya sara masa kamar a bariki. "A gafarce mu, ranka ya daɗe, ba mu da kwamanda ne."

Mutum biyu suka ruga suka kashe wutar da ɗanyen ganye. Baba ya nuna da sanda. "Ku ja karan can gabas. A'a, ba nan ba, wanga wuri ruwa ke kwanciya." Ya juya ga Malam da har yanzu yake durƙushe. "Kai kuma ka tsaya kallona? Tashi ka nuna musu iyaka, kada su shiga ta maƙwabci su ja min magana."

Haka aikin ya ci gaba. Waƙa ta dawo, Baba na zaune yana ba da umarni kamar dama shi ya kira su. Ya yi gardama da Malam a kan wani kwazazzabo da ruwa ke zaizaya. Malam ya ce a jera duwatsu a gicciye yadda suke yi a kan tudu, Baba ya ce shirme ne, ciyawa ake dasawa. Suka ja har muryoyinsu suka tashi. Ni da ban taɓa jin sun haɗa jimla biyu ba, na tsaya da buta a hannu ina saurare kamar ana rera mini waƙa. A ƙarshe aka jera duwatsun, Baba ya ce in ruwa ya kwashe su za a ga mai gaskiya.

Da rana ta take na fito da lemon kwalba da biskit ɗina na fara rabawa. Baba ya kira ni.

"Ke, ba ki da kunya? Mutane sun taso tun daga Zuru ki ba su abincin yara? Ki tahi ki ce wa uwarki ta dama hura, kuma a kama ɗan akuyan nan."

Na tafi ba takalmi, leshi ya sha toka, ina tafe ina murmushi ni kaɗai. Matan unguwa na leƙowa suna tambaya su wane ne ke waƙa a gonarmu, ina amsa musu da ƙarfi cewa mijina ne da danginsa.

Kafin la'asar sakaliya gona ta fito tas. Masu salla suka yi salla, Saja da sauran suka jira su a inuwa suna suɗar ƙashi. Tafin hannun Malam duk ya yi bororo, yana ɓoyewa a aljihu. Da za mu tafi, Baba ya ce a miƙo masa sandarsa. Muka ce ya zauna, ya ƙi. Ya taka da ɗingishi, shi da ba ya raka kowa, har bakin motar. Ya dafa ƙofar wajen direba yana kallon gonar.

Sannan ya ce wa Malam, "Tsohonka yana nan lahiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ka gaishe shi. Ka ce in ƙahwar ga ta sake ni, ina nan tahe."