Shafin gyaɗa da ya ƙi buɗewa

Shekarar da na gama karatun ordinata, wato kwamfuta, a Maraɗi na koma gida Cadawa, ba aiki, sai wata tsohuwar na'ura da yayana ya bar mini. Ƙungiyar manoman garinmu tana da bayanai kan iri da lokacin shuka, amma suna kulle a buro, wato ofishinta. Na zauna na rubuta ɗan shiri da yaren C, irin wanda ake ce wa sarbar: waya ta aiko buƙata, shi kuma ya karanta ya miƙa mata shafin da ta nema. Ba ya cin intanet, mutum ya matso kusa da buron kawai.

Ranar kasuwa muka gwada. Shafin gero ya buɗe, na wake ya buɗe. Kawuna, wanda gyaɗa ce nomansa tun ina goye, ya danna nasa, wayar ta ce babu.

"Ɗiyata, gyaɗar ce ba ki so, ko ni ne?" in ji shi yana dariya.

"Kawu, wallahi tana ciki. Da hannuna na sa ta."

Na duba, shafin yana nan. Na sake harhaɗa shirin, na canza waya, duk a banza. Washegari da hantsi na sa shirin ya riƙa nuna mini buƙatar yadda take isowa, kafin ya taɓa ta. Na danna gero, na ga gero. Na danna gyaɗa, sai ga gya%C9%97a. Ashe waya ba ta aiko harafin ɗ yadda muke ganinsa, lambobi take mayar da shi, shirina kuwa yana neman shafi mai wannan baƙon suna. Littafin da na koya da shi bai san da haruffanmu masu lanƙwasa ba.

Na ƙara 'yan layuka masu mayar da lambobin harafi. Kafin azahar gyaɗa ta buɗe, riɗi ma haka.

Na tarar da Kawu yana gyaran garma a ƙofar gida. Na ja shi zuwa buron, na buɗe masa shafin gyaɗar a wayarsa. Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa.

"To, saura maganin ƙwarin wake. Yaushe za ki sa?"

Daminar nan mutanen wani ƙauye kusa da Gazawa suka aiko suna son irin wannan shirin.