Hannun Kofur Gafaru

A layinmu na Maamobi kowa ya san Kofur Gafaru Mahama, amma ƙalilan ne suka taɓa ganin hannunsa na hagu. Tun da nakiya ta cinye masa yatsu uku a Labanan, lokacin da sojan Gana suka je kiyaye zaman lafiya, hannun yake zaune a aljihu. Ko addu'a zai ɗaga sai ya rufe shi da hankici. Yanzu gadi yake yi a Kasuwar Malam Atta, kuma taurin kansa ya fi na kowa. Ni maƙwabcinsa ne, na sha fama.

Da wannan gadin ya kai 'yarsa Hidaya jami'a. Bara aka ba ta gurbin bincike a Turai kan wata na'ura mai aiki da ƙwayar zarra, wadda ake fatan za ta riƙa jin ƙarfe komai zurfinsa, a ƙasa ko a teku. Hidaya ta ce ba inda za ta sai Baba ya sa albarka. Kofur ya ƙi.

Na je ba shi baki, ya hau ni da faɗa.

"Manyan ƙasashe ba son juna suke ba, tsoro ne," in ji shi. "Kowa ya ɓoye jirgin nukiliya a ƙarƙashin teku. In ka buge shi, ramuwa na zuwa daga inda ba ka gani. Ranar da mashin ɗin nan nata ya tona maɓoya, wani zai ce bari in riga kai hari. Da hannun 'yata a ciki?"

Raina ya ɓaci, don gaskiya ya faɗa.

Ana gobe wa'adin gurbin zai cika, Hidaya ta durƙusa gabansa bayan La'asar.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, sojoji za su so mashin ɗin. Amma zai iya jin nakiya tun ƙafa ba ta taka ba."

Kofur ya ce, "Yoo, na yarda. Ki fara da na ƙasa."

Ya zaro hannun daga aljihu, ya ajiye hankicin a kan benci, ya buɗe tafukansa biyu ya fara Fatiha. Hidaya ta ɗora nata a kai. Ni kuwa kuka ya hana ni cewa amin.