Kiɗa a gidan Malam Sule

Har na bar aiki ba zan manta da ranar da shugaban asibitinmu ya kira ni ofis saboda bidiyon motsa jiki ba. A lokacin ina ƙaramar ma'aikaciyar lafiya a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, kuma ni ke duba masu hawan jini. Aikin shi ne in auna jini, in rubuta a kati, in ba da magani, in ƙara da shawara.

Wajen shawara kuwa ba a bar ni a baya ba. Ina son karanta littattafan halayyar ɗan Adam, masu koyar da yadda ake rage damuwa. Wanda ya iya boko in ara masa littafi, mai babbar waya in tura masa bidiyon motsa jiki a ɗaki. Ina ji da kaina sosai.

Cikin masu zuwa akwai Inna Dije, matar Malam Sule mai karantar da magidanta a zaurensa. Jininta ya hau ƙwarai, in ta bar magani ɓarin jikinta zai iya shanyewa. Na tura mata bidiyo a wayar da ɗanta ya saya mata. Kuskurena, ban taɓa kallonsa har ƙarshe ba, balle in saurari muryarsa.

Inna ta kunna shi a tsakar gida bayan la'asar, ana tsaka da karatu a zaure. Sai kiɗa ya tashi, ga mata da guntayen kaya suna tsalle, ita kuma ta rasa inda ake kashewa. Malam ya aiko asibiti cewa iyalinsa ta daina zuwa.

Shugaba ya ce, "Rabi, maganinta na mako guda ne ya rage. Ke kika ɓata, ke za ki gyara."

Na tsorata, amma washegari na yi sallama a gidan, na durƙusa na gaida Malam.

"Ke ce mai kiɗan?"

"Ni ce, Malam. Laifina ne, a yafe min. Amma in Inna ta bar magani, abin da zai biyo baya ya fi wannan kunyar."

Na nuna masa katinta, na fassara masa lambobin. Sannan na miƙa masa wayata. A ciki sabon bidiyo ne da na ɗauka, ba kiɗa: ni ce, da hijabina har ƙasa, ina ɗaga hannu ina taka ƙafa ina ƙirga ɗaya, biyu, uku. Ya kalla har ƙarshe. Na ajiye masa ɗan littafin Hausa kan damuwa da rashin barci, na ce ya fara dubawa kafin a karanta wa Inna.

Ranar awo sai ga Inna, Malam na biye da ita. Ya naɗe hannun riga ya ce, "'Yar nan, abin da littafinki ya lissafa duk ina ji. Ni ma auna ni." Nasa ya fi nata hawa.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, shawara ba a hannun mutum ɗaya take tsayawa ba, gida guda take shiga. Ku kalli abu har ƙarshe, ku saurare shi, ku san gidan da za shi kafin ku tura.